Amsar da Ban Bayar Ba

Sunan 'yata Rahama. Na fara da shi ne domin shekara goma sha takwas bakina bai faɗe shi ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, kunyar ta zama biyu. A Malumfashi inda na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama hira da shi, in yana da magana sai ya aika. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana, haka na ƙullo abin na sauka da shi a Jidda kamar yadda ake ƙullo daddawa a ƙasan jaka. Matata Zaituna ma 'yar can ce, ta ma fi ni riƙo da abin. "Yarinyar nan" muke ce mata, ko "ta wajen Baffa."

Ni Musbahu, gyaran mukayyif nake yi, na'urar sanyaya ɗaki, a wani ƙaramin shago a unguwar Bani Malik da sunan kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Karatuna firamare ne da 'yan izu. Larabcina na kasuwa ne, ya isa in yi ciniki, in yi faɗa da mai sayar da gas, amma in aka miƙo mini takardar hukuma sai idona ya yi ta yawo a kanta.

Baffan da na ce shi ne Zaharadden. Ba ɗan uwana ba ne na jini, jirgi ɗaya ne ya sauke mu, muka yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya a Hindawiyya muna karba-karbar girki. Shi ya yi karatu, yana aiki a wani ofis da ake cike wa mutane takardu, sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da makamantansu. Ranar sunan Rahama na ɗora masa ita a cinya a gaban jama'a na ce, "Ga 'yarka." Ba wasa nake ba. Da ta isa shiga makaranta shi ya kai ta, lambar wayarsa aka rubuta a matsayin waliyyinta, duk saƙon makaranta wajensa yake zuwa. Shi ma an haifa masa mace wata biyar bayan tawa, Sadiyya, yaran suka tashi aji ɗaya, benci ɗaya. Na ga abin ya yi daidai ta ko'ina: ni na huta da takardu, na kuma riƙe kunyata.

Abin da ke hana ni sukuni tun Rahama tana ƙarama guda ɗaya ne. Mu masu iƙama, ko da a nan aka haifi 'ya'yanmu, kujerun da ake ware musu a jami'a kaɗan ne, kuma sai da minha, wato tallafin karatu, wanda ake ba wa waɗanda suka fi maki. Na sha ganin 'ya'yan maƙwabta masu ƙoƙari sun gama sakandare sun zauna a gida, sai ka ga yaro da takardar yabo a bango yana jidon kaya a kasuwa. Kuɗin jami'ar kuɗi kuwa, ko na sayar da shagon har da ni a ciki ba zai kai ba. Rahama tun tana shekara tara take cewa haɗa magunguna za ta karanta. Ba ni ta gaya wa ba, ta bayan labule na ji.

Shekarar da za su shiga sakandare, Zaharadden ya zo shago da wata takarda mai sheƙi. Ina tsugune a kan wani tsohon mukayyif, hannuna duk baƙin mai.

"Injiniya, wanke hannu," ya ce. "Wannan ba irin takardar da kake naɗe ƙusa a ciki ba ce."

"Karanto mini, Malam Biro. Ai da shi kake cin abinci."

Ya ce wata makaranta ce a arewacin gari, ta haziƙai, ba a shiga sai da jarrabawa, kuma wanda ya ci da kyau ba ya biyan ko sisi. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, malamai zaɓaɓɓu. Ya ce, "Duk wanda ya fito daga nan, jami'a ce ke nemansa."

Yaran biyu suka zauna jarrabawar, su biyun suka ci. Na yanka kaji huɗu. Bayan sati biyu Zaharadden ya zo da fuska a kwaɓe ya ce Sadiyya ba za ta je ba.

"Mota na sa ta amai, ka sani. Minti arba'in safe da yamma, ai sai ta ƙare. Ta zauna a ta unguwa kawai. Ba rabonta ba ne."

Na tausaya masa ƙwarai. Na ce in yana so zan riƙa tsayawa a hanya tana shan iska. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar shi, Musbahu. Ɗaya ta je ta ɗaga mana kai, ai duk namu ne."

Shekara uku na yi ina kai ta. Bayan sallar asuba mu fita, ita a kujerar baya tsakanin kwalin kayan aiki da tukunyar gas, ni ina kallon titi. Ba ma magana. In na kunna rediyo shi ke yi mana hirar. Da rana in bar aiki ko a tsakiya ne in je ɗauko ta. A makarantar 'yan mata uba ba ya shiga, sai ka faɗa wa mai gadi suna ya kira ta lasifika. Ranar farko ya tambaye ni sunan, na tsaya ina sosa ƙeya, na ce, "Bint Musbahu," wato 'yar Musbahu. Ya yi dariya ya kira haka. Shekara uku da haka ake kiranta, har ƙawayenta suka ɗauka.

Ina ganinta a madubi. Ta rame, idonta ya faɗa, wani lokaci littafi na buɗe a cinyarta tana gyangyaɗi. A ƙarshen shekarar farko akwai ranar da na ga kamar ta yi kuka. Na so in tambaya, na fasa. Da yamma na kira Zaharadden.

"Yaya yarinyar nan a makaranta?"

"Mumtaza," ya ce, wato tana kan gaba. "Karatu ne mai nauyi, dole ta ji jiki. Kai dai ka ci gaba da zuba mai."

Hankalina ya kwanta. Daga nan duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ji labarin makarantar haziƙai. Na san na cika baki. Har mai shayin kusa da ni yakan ce, "Ga uban likita," in yi kamar ban ji daɗi ba.

Sakamakon neman jami'a ya fito a tsakiyar zafi, lokacin da ba na samun zama. Ina saman wani bene a Mahjar ina canza fanka, ƙarfen yana ƙona tafin hannu, Zaituna ta kira. Ta ce, "Ba ta samu ba." Na ce wace jami'ar? Ta ce ko ɗaya. Sai ta ƙara, a hankali, "Sadiyya ta samu. Haɗa magunguna."

Na sauko ban ɗaure murfin ba, na wuce ofishin Zaharadden. Na fara yi masa murna, kuma Allah ya sani da gaske na yi. Sannan na ce ya fahimtar da ni. Ya jawo takarda ya ja layi uku. Ya ce maki uku ake haɗawa a fitar da abin da suke kira nisba: makin sakandare na shekara uku, da na jarrabawa biyu da kowa ke zauna wa a ƙasa baki ɗaya. A jarrabawar nan biyu Rahama ta fi Sadiyya, duka biyun. Amma makin sakandarenta tamanin da tara ne, Sadiyya kuwa casa'in da tara da ɗoriya. Da aka haɗa, Sadiyya ta haye layin, Rahama ta tsaya ƙasa da shi da maki ɗaya da rabi.

"To ba su duba sunan makarantar ba?" na ce. "Tamanin da tara a can ai ya fi ɗari a unguwa."

"Na'ura ce ke tacewa, Musbahu. Lamba take gani, ba ta san suna ba." Ya ajiye biron. "Ƙaddara ce. Wa ya san haka za ta kasance?"

Na yarda. Na koma Mahjar na ɗaure murfin.

Ranar Juma'a Zaharadden ya yi walima bayan an sauko daga masallaci. Na je, na sa babbar rigata, na zauna a faranti ɗaya da Abdulghani, wani dattijo haifaffen Jidda wanda kakansa ya zo aikin hajji da ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ba ya tauna magana. Yana yagar nama ya ce mini, "Abokinka shaiɗan ne, wallahi, ina nufin wayo. Tun shekara uku ya zo ya same ni, ya ce in haɗa shi da surukina da ke koyarwa. A gabana surukin ya ce masa, ya akhi, in minha kake nema kada ka kai 'yarka inda ake ƙanƙame maki. Makarantar tana da kyau ga wanda zai tafi waje ko mai kuɗi, amma ɗan iƙama lamba yake buƙata. Washegari ya janye ta. Halas. Ga shi yau muna cin rago." Ya ɗago ya dube ni. "Kai taka ina ta yi?"

Na ce, "A can ta yi."

Ya daina tauna. Ya ce, "La haula," ya tura mini tsokar da ke gabansa, kamar ita ce za ta gyara.

Ban iya ci ba. Na wanke hannu na fita ta bayan masu gaisawa. A mota na yi ta ba Zaharadden uzuri. Na ce wataƙila bayan an gama rajista ya ji, ya ji nauyin ya kashe mini murna. Na ce wataƙila ya ɗauka Rahama ta fi ƙarfin abin. Har na isa gida ina riƙe da uzurin nan.

Na samu Zaituna a kicin na gaya mata abin da na ji. Ta ajiye ludayi ta dube ni wani iri.

"To ai ita ma ta gane tun shekarar farko. Ta ce a mayar da ita ta unguwa. Kai ka hana."

"Ni?"

"Ta zo mini tana kuka, na ce ta je wajen Baffanta, shi ne na makaranta. Ya ce zai same ka. Ya dawo ya ce ka ce a'a. Ni kuma da na ga ka yanke, me zan ce?"

Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na je ƙofar ɗakin Rahama na yi sallama. Ta buɗe, ta ga ni ne, ta ja gyale ta sunkuyar da kai. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Na ce, "Me Baffanki ya ce miki na ce?"

Tana jin Hausa sarai, amma in abu ya taɓa ta Larabci ke riga fitowa, haka ta yi ta haɗa su.

"Ya ce ka ce ba a barin irin wannan makaranta. Ya ce ka riga ka gaya wa mutane, in na fita za ka ji kunya a unguwa. Ya ce in yi haƙuri." Ta murza bakin gyalen. "Na lissafa masa a takarda, Baba. Na nuna masa in na koma a shekara ta biyu nisbata za ta kai. Na ce ya ba ka takardar. Shekara ta biyu ma na sake aikawa."

"Sau biyu."

"Aiwa. Na biyun ya ce ranka ya ɓaci, kada in ƙara."

"Kullum muna mota ɗaya," na ce. "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ɗago, karo na farko da na ga idonta ba ta madubi ba. Ba ta yi tsiwa ba, tambaya ta yi. "Ta yaya?"

Na tashi.

Ranar Lahadi da hantsi na je ofishin Zaharadden. Akwai mutum biyu a gabansa, na jira suka tafi. Ya ce, "Injiniya, ka gudu ranar Juma'a ba ka ci kayan zaƙi ba."

"Ina takardar da ta ba ka ka ba ni?"

Bai tambayi wace takarda ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Musbahu, zauna."

"A tsaye zan ji."

"Kai ka san yadda kake a lokacin. Duk Bani Malik babu wanda bai ji labarin makarantar nan a bakinka ba. In na zo na ce maka a cire ta, za ka yarda? Cewa za ka yi baƙin ciki nake don tawa ba ta je ba."

"Da ka bari na faɗa da bakina. Amsata ce, ko mai kyau ko marar kyau. Kai ka ƙirƙira ta ka kai mata da sunana."

"Na yi abin da na ga zai fi mata. Ilimin da ta samu a can, Sadiyya ba ta da rabinsa. Ka tambayi kowa."

"Sadiyya mota na sa ta amai," na ce. "Jami'ar minti nawa ce daga gidanka?"

Ya kawar da kai. Na ƙara masa wata tambayar.

"Kujera nawa aka ware wa 'yan iƙama a fannin da suka nema?"

"Ba ni na ware ba."

"Nawa?"

"Ban sani ba. Kaɗan." Ya mayar da tabaran. Muryarsa ta sauka. "Kai ma uba ne. Tun suna firamare taka ce ta ɗaya, tawa ta biyu. Kullum. Ka taɓa tunanin yadda hakan yake a gidana? Ban tura ta can don ta faɗi ba, wallahi. Da na kawo maka takardar ban san komai ba. Daga baya na ji, na janye tawa, na ce zan gaya maka, na yi ta ɗagawa. Da ta zo tana so ta koma, sai na ga…" Bai ƙarasa ba.

Na jira ko zai ƙarasa. Na so ya ce ƙarya Abdulghani ya yi, ko ya yi mini faɗa, ko wani abu da zan riƙe. Mutumin nan shi ya yi jinyata sati uku da na faɗo daga tsani, shi ya wanke min kaya. Yana zaune yana gyara takardun da ba su karkace ba.

"Na ɗora maka ita a cinya," na ce. "Gaban mutane."

"Har yanzu 'yata ce."

"Cire lambarka daga sunanta."

"Ai ta gama makaranta, lambar ba ta da sauran…"

"Cire. Ko'ina ka sa ta, cire, ka rubuta tawa."

Ya juya ga kwamfuta ya yi, ina tsaye a kansa. Da ya zo rubutawa bai tambaye ni lambar ba, ya haddace ta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, ban san dalili ba. Na fita ban yi masa sallama ba. Ya aiko Abdulghani sau biyu tun daga ranar, na ce a ba ni lokaci. Ban san ko nawa ba.

Makin sakandare ba ya canzawa, ya zauna ke nan. Abin da ya rage, in ji Rahama, shi ne ta sake zauna jarrabawar nan biyu ta ƙasa, ta nema baɗi, kuma sai ta kusa cinye su duka kafin ta haye layin. Ko kuma a nema mata a Najeriya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Ita ta zauna ta bayyana mini wannan a falo, da takarda da biro, Zaituna na leƙe daga kicin kamar ta ga abin da bai halatta ba. Sau uku na ce ta maimaita, ta maimaita ba ta ƙosa ba. Na tambaye ta ko ta yi nadamar makarantar. Ta ce ta koyi abubuwan da ba za ta koya a wani wuri ba, kuma da an tambaye ta da ta bar su ta ɗauki kujerar. Na ce wanne take so yanzu. Ta ce a ba ta shekara ɗaya.

Ranar Talata muka je karɓo takardunta na asali daga makarantar. Da za mu shiga mota ta nufi baya, na kwashe kayan da ke kujerar gaba na zuba a bayan, ta tsaya tana kallo, sannan ta shiga. Ba mu yi wata hira mai yawa ba. Ta nuna mini wani gini ta ce kullum a nan take gane saura minti goma. Ni ma a nan nake ganewa, ban faɗa ba.

Ta shiga, na jira a inuwar katanga. Rabin awa ta wuce, ga wani da zan yi wa aiki yana ta kirana a waya daga Hindawiyya, mukayyif ɗinsa na zubar da ruwa. Na je wajen mai gadin. Yana ganina ya ɗauki lasifikar yana murmushi.

"Bint Musbahu?"

"A'a," na ce. Na tuna mahaifiyata, na ce Allah ya ji ƙanta, ta yafe mini. "Rahama. Rahama Musbahu."

Ya kira. Sunan ya fita ta saman katanga, mai gadin ya ƙara kira. Can ƙofar ta buɗe ta fito rungume da fayil ɗinta, ta tsaya tana duban mai gadin, sannan ta dube ni.

"Yalla," na ce. "Akwai mai jira a Hindawiyya. Ki riƙe mini wayar, in ya sake kira ki ce muna hanya."